BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN TSARIN GWAJIN A-KAI-A-KAI A MAKARANTUN SAKANDARE NA NIJERIYA

4.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi sharhi ne a kan hanyar auna fahimtar ɗalibai da ake kira gwajin a-kai-a-kai, wadda malamai da ɗalibai suka fi sani da sunan "Si'e". Za a fara da bayanin dalilan da ke sa a auna ɗalibi tun farko, sannan a waiwayi yadda tsarin ya shigo cikin manufar ilmi ta ƙasa. Daga nan sai a ɗora shi bisa ma'auni, a ga ko ya cika alkawarin da aka zo da shi dominsa. Za a riƙa jawo misalai daga darasin Hausa, kuma za a kwatanta tsarin da hanyar awon karatu ta makarantar allo.

Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, an kawo wannan gwaji ne domin ya gyara karatun ɗalibi tun yana cikin aji, amma yadda ake gudanar da shi ya mayar da shi wata ƙaramar jarrabawa ta tara maki. Al'amarin ba na wasa ba ne, domin makin wannan gwaji yana shiga cikin sakamakon da ke buɗe wa yaro ƙofar jami'a ko ya rufe masa ita.

4.1 Manufar Auna Fahimtar Ɗalibi

Masana ilmin koyarwa sun daɗe suna tofa albarkacin bakinsu game da dalilin awo a makaranta. Tyler (1949) ya nuna cewa duk mai tsara manhaja dole ne ya amsa tambayoyi huɗu, ta ƙarshensu ita ce yadda za a gane ko an cim ma burin da aka sa a gaba. Ke nan a wurinsa awo bawan manufa ne. Sai an san abin da ake so ɗalibi ya iya kafin a san abin da za a tambaye shi.

Idan aka tattara bayanan masana, za a iya kasa manufofin awo gida huɗu kamar haka:

(a) Gano matsayin ɗalibi kafin a ɗora masa sabon darasi.
(b) Gano inda ya yi tuntuɓe ana cikin koyarwa, domin a gyara.
(c) Ba da shaida a ƙarshen karatu cewa ya kai wani mataki.
(d) Tace ɗalibai idan masu nema sun fi guraben da ake da su yawa.

Scriven (1967) shi ne ya fito da kalmomin da suka bambanta awon da ake yi aiki na gudana domin gyara, da wanda ake yi bayan an kammala domin yanke hukunci. Shi a kan manhaja ya yi maganarsa, daga baya Bloom da abokan aikinsa (1971) suka jawo rabe-raben zuwa ga karatun ɗalibi. A wannan babi za a kira na farko "awon gyara", na biyu kuwa "awon hukunci". Manufofi biyu na farko da aka jero a sama na awon gyara ne, biyun ƙarshe kuwa na awon hukunci.

Akwai wani bambanci a tsakaninsu da ya kamata a riƙe, domin a kansa yawancin sharhin wannan babi ya rataya. A wajen awon gyara, ribar ɗalibi ita ce ya bayyana abin da bai gane ba, kamar yadda majiyyaci kan zayyana wa likita inda ke yi masa ciwo. A wajen awon hukunci kuwa, ribarsa ita ce ya rufe rauninsa, kamar mai neman shiga soja a gaban likitan da ke duba lafiyarsa. Likitan ɗaya ne, kayan aikin ma ɗaya ne, amma halin wanda ake dubawa ya sha bamban. Saboda haka duk tsarin da ya ɗora wa gwaji ɗaya waɗannan kaya biyu, sai an yi hattara ƙwarai, in ba haka ba ɗaya zai danne ɗaya.

4.2 Yadda Tsarin Ya Shigo Nijeriya

Kafin 1952, hukumomin jami'o'in Ingila, musamman Kambirij da Landan, su ke shirya jarrabawar ƙarshen sakandare a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin mulkin Ingila. Bayan rahoton da Dokta G. B. Jeffery ya gabatar a 1950, sai aka kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, a 1952. Hukumar ta gaji salon da ta tarar: ɗalibi ya yi shekara biyar yana karatu, a yanke masa hukunci da abin da ya rubuta cikin 'yan sa'o'i.

An daɗe ana kuka da wannan salo. Yaron da zazzaɓi ya kwantar ranar jarrabawa ya yi asarar shekarunsa. Malamai sun koma koyar da abin da ake sa ran zai fito kawai. Ɗalibai kuwa sai jarrabawa ta ƙarato su duƙufa ga hadda, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Bugu da ƙari, da yake komai ya rataya ne a kan takarda ɗaya, sai takardar ta zama abin sata. Fitar tambayoyin WAEC kafin lokaci a 1977, wadda ta yi suna da "Expo 77", ta kai ga gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Sogbetun.

A ɗaya ɓangaren kuma, tun a 1969 aka yi babban taron ƙasa a kan manhaja a Legas, aka bi shi da taron ƙwararru na 1973 wanda Cif S. O. Adebo ya shugabanta. Daga nan aka samu Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1981 da 1998 da 2004 da 2013. Wannan manufa ce ta kawo tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982, ita ce kuma ta tanadi cewa za a dogara da gwajin a-kai-a-kai, gaba ɗaya ko wani sashe, wajen auna ci gaban ɗalibi. A 1985 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar da littafin jagora a kan yadda za a gudanar da gwajin. A 1988 aka yi jarrabawar ƙarshen babbar sakandare ta farko a sabon tsarin, inda aka ware kashi 30 cikin 100 ga makin da makaranta ta tara, kashi 70 kuma ga jarrabawar hukuma. Hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999 mai hedkwata a Minna, ita ma tana karɓar irin wannan maki daga makarantu.

4.3 Siffofin Tsarin a Rubuce

Littafin jagora na 1985 ya siffanta gwajin da siffofi huɗu. Na farko, ya kasance bisa tsari, wato an san abin da za a auna da lokacin da za a auna shi. Na biyu, ya game dukkan fannonin ɗalibi: tunaninsa da ɗabi'arsa da aikin hannunsa. Na uku, ya kasance mai taruwa, ta yadda duk hukuncin da za a yanke yau zai yi la'akari da abin da ya gabata. Na huɗu, ya kasance jagora, wato a yi amfani da sakamakonsa wajen shiryar da ɗalibi. Hanyoyin da aka ambata ba su tsaya ga gwajin takarda ba, sun haɗa da aikin gida da jinga da lura da ɗalibi da yin hira da shi.

Babu mai duban waɗannan siffofi ya ce ba su yi ma'ana ba. Sai dai abin lura shi ne, siffa ta uku ta awon hukunci ce, ta huɗu kuwa ta awon gyara. Tun a rubuce ke nan an ɗora wa jaki ɗaya kaya biyu.

4.4 Tsarin a Aikace

4.4.1 Maki Ya Danne Gyara

Abin da aka saba gani a makarantu shi ne, a kowane zangon karatu a ware mako a ce na gwaji ne, a yi sau biyu ko uku, a shigar da maki cikin rajista, a haɗa da na jarrabawar ƙarshen zango. Idan takarda ta dawo hannun ɗalibi, abin da yakan gani shi ne lamba da jan biro, kamar 4 cikin 10. Lambar ta gaya masa ya gaza, amma ba ta gaya masa inda ya gaza ba, balle abin da zai yi gobe. Malami kuma ya riga ya wuce zuwa batu na gaba domin ya cinye manhaja.

A ɗauki misalin ɗalibin da ke rubuta "yazo" da "nagani" a haɗe, maimakon "ya zo" da "na gani". Wannan kuskure ne guda ɗaya, na rashin sanin cewa ana raba wakilin suna da aikatau a ƙa'idar rubutun Hausa. Malamin da ya lura zai iya warware shi cikin darasi ɗaya. Amma idan aikinsa shi ne cire rabin maki a duk inda kuskuren ya fito, yaron zai ɗauki kuskurensa daga aji ɗaya har aji shida, ana ta hukunta shi a kan abu ɗaya ba a taɓa koya masa shi ba. An auna shi sau goma sha takwas ko fiye, amma ko sau ɗaya awon bai amfane shi ba.

Binciken masana ya ƙarfafa wannan magana. Butler (1988) ta kasa ɗalibai gida uku a Isra'ila: wasu ta ba su maki kawai, wasu bayanin gyara kawai, wasu kuma duka biyu. Waɗanda suka sami bayani kawai su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa maki da bayani ba su fi masu maki kawai ba, domin da zarar ido ya faɗa kan lamba, sai a manta da bayanin. Haka kuma Black da Wiliam (1998), bayan sun bi diddigin ayyukan bincike kimanin 250, sun nuna cewa kyautata awon gyara yana ɗaga ƙoƙarin ɗalibai, musamman masu rauni daga cikinsu. Ashe ke nan sashen da aka yi watsi da shi a tsarinmu shi ne sashen da ya fi amfani.

4.4.2 Yawan Ɗalibai

Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan malami. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma a makarantun gwamnati na manyan birane ana samun azuzuwan da suka ninka haka. A ƙaddara malamin Hausa yana da azuzuwa biyar, kowane da ɗalibai 80. Ɗalibansa 400 ke nan. Idan zai ba da insha'i sau uku a zango, zai duba takardu 1,200. Idan kowace takarda ta ci minti biyar kacal, yana buƙatar minti 6,000, wato sa'a 100, ban da shirya darasi da koyarwa da cike rajista. Wanda aka sa a wannan hali yana da mafita uku: ya rage yawan gwajin, ko ya koma ga tambayoyin zaɓi da cike gurbi masu saurin dubawa, ko kuma ya ƙirƙiro maki ya cike gurabe. Dukkan ukun suna kashe manufar tsarin. Waɗanda suka tsara shi sun yi lissafin amfaninsa, ba su yi lissafin lokacin da zai ci ba, don haka zargin malami shi kaɗai tamkar barin jaki ne ana dukan taiki.

4.4.3 Mudun Ba Ɗaya Ba Ne

Sharaɗin awon hukunci shi ne a auna kowa da mudu ɗaya. Mai sayen gero a kasuwar Dawanau ba zai yarda a auna masa da ƙaramar tiya a auna wa maƙwabcinsa da babba a kuɗi ɗaya ba. To amma maki 25 cikin 30 na wannan makaranta ba lalle ne ya yi daidai da 25 na waccan ba, domin tambayoyin daban, masu dubawa daban, tsananinsu ma daban. Ɗalibin da ya sauya makaranta kuwa sau da yawa tarihin makinsa ba ya bin sa.

Matsalar ta fi haka zurfi. Makarantar da ke ba da makin ita ma ana auna ta da sakamakon ɗalibanta. Makarantar kuɗi da yawan kiredit take tallata kanta ga iyaye, shugaban makarantar gwamnati kuma da shi ake yaba masa ko a tuhume shi. An mayar da mai kaya alƙalin kayansa. Ba abin mamaki ba ne idan makin da ake aikawa ya taru a sama. Idan kuma hukumar jarrabawa ta daidaita makin makaranta da abin da ɗaliban suka samu a takardarta domin magance haka, to an koma gidan jiya, jarrabawar rana ɗaya ce ta sake zama alƙali.

Ga kuma ikon da makin ya danƙa a hannun mutum ɗaya. Malamin kirki zai riƙe amana, amma tsarin bai tanadi wata ƙaƙƙarfar hanya da ɗalibi zai ɗaukaka ƙara ba idan an zalunce shi, ko an nemi wani abu a wurinsa kafin a ba shi haƙƙinsa. An kawo gwajin ne da fatan rage maguɗi, duk da haka sai da aka kafa dokar soja ta 1984 mai ɗaurin shekara 21, da kuma dokar maguɗin jarrabawa mai lamba 33 ta 1999. Wannan ya nuna maguɗin bai gushe ba, ƙofa ce kawai aka ƙara masa.

4.4.4 Abin da Ake Aunawa

Bloom (1956) ya jera matakan tunani shida: tunawa, fahimta, aiki da abin da aka sani, ƙalailaicewa, harhaɗawa, da yanke hukunci. Tambayoyin da suka fi sauƙin tsarawa da dubawa su ne na mataki na farko. A darasin adabi, abu ne mai sauƙi a tambayi ɗalibi wanda ya rubuta Magana Jari Ce, ya ce Abubakar Imam, a ba shi maki. Wanda bai taɓa buɗe littafin ba ma zai iya cin wannan. Amma idan aka ce ya bayyana dabarar da aku ya bi ya tsare Musa a gida da labarai, ya kuma faɗi abin da hakan ke nunawa game da sunan littafin, to sai wanda ya karanta ya kuma yi tunani. Irin tambayar da malami ya saba yi ita ke koya wa ɗalibi irin karatun da zai yi.

Fannin ɗabi'a da na aikin hannu kuwa sun koma 'yan gurabe a bayan katin sakamako, inda ake sa alama a gaban tsabta da ladabi da zuwa a kan lokaci, galibi a ranar da ake cike katin.

Babban giɓi a darasin Hausa shi ne na magana. Harshe yana da ƙwarewa huɗu: saurare da magana da karatu da rubutu. Jarrabawar Hausa ta WAEC takarda ce zalla, ba a zaunar da ɗalibi a saurari bakinsa kamar yadda ake yi a darasin Faransanci. Alhali Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nuna su. Kalmar "fari" a rubuce tana iya zama launi, ko ƙarancin ruwan sama, ko jam'in fara, ko kuma juya ido irin na kwarkwasa, sai a baki ake rarrabewa. Haka nan tatsuniya da kirari da waƙar baka, duk a baki suke rayuwa. Wannan shi ne ainihin wurin da gwajin a-kai-a-kai ya kamata ya cike, tunda malamin aji ne kaɗai ke da damar sauraren ɗalibi. Maimakon haka sai ya zama kwafin jarrabawar hukuma, yana sake auna abin da za a auna, ya bar abin da ba mai aunawa.

4.5 Abin Koyi Daga Makarantar Allo

Awon gyara ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo almajiri yakan rubuta karatunsa, malam ya duba ya gyara rubutun, sannan ya biya masa. Ba zai wanke allonsa ba sai ya zo gaban malam ya karanta an tabbatar ya iya. Idan ya yi kuskure, nan take ake gyara masa, ya koma ya sake. Daga babbaƙu zuwa farfaru har zuwa sauka, ba a ɗora wa yaro sabon karatu a kan wanda bai zauna ba. A matakin manya kuma akwai satu, inda mahaddaci ke rubuta karatu da ka, ya kai darasu a bi shi harafi bayan harafi a gaban alarammomi.

Abubuwa uku ne suka fito a nan. Na ɗaya, babu tazara tsakanin kuskure da gyaransa. Na biyu, sakamakon awon aiki ne, wato ko a wanke ko a sake, ba lamba ba ce da za a adana. Na uku, malam ba shi kaɗai ke awon ba, gardawa da manyan almajirai suna biya wa ƙanana, shi ya sa malami ɗaya ke iya riƙe yara masu yawa. Sharaɗin nan na kada a wuce sai an iya ya yi kama da abin da Bloom (1968) ya yi kira a kai, cewa mafi yawan ɗalibai za su iya ƙwarewa a darasi idan an ba kowa lokacin da yake buƙata tare da gyara.

Sai dai dole a faɗi iyakar wannan kwatanci. Makarantar allo tana auna nassi ne tabbatacce wanda daidai da kuskurensa a bayyane suke, insha'i kuwa ba shi da amsa ɗaya. Kowane almajiri da nasa allon yake tafiya, makarantar boko kuwa aji guda take ja a lokaci ɗaya. Bulala ma ba abar koyi ba ce, domin tsoro yana sa yaro ya ɓoye rauninsa. Abin ɗauka shi ne ƙa'idar, cewa awo bai kammala ba sai ya koma ga mai karatu ya canza abin da zai yi.

4.6 Hujjar Masu Ganin a Koma ga Jarrabawa Zalla

Akwai masu ganin tunda makin makaranta ba abin dogaro ba ne, gara a soke shi a bar jarrabawar hukuma, musamman da yake kwamfuta ta shigo. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta koma gare ta gaba ɗaya a 2015, WAEC ma ta fara da masu zaman kansu a 2024. Hujjarsu tana da ƙarfi ta fuska ɗaya: jarrabawar hukuma ba ta san ɗan wane ba, ita ce kariyar ɗan talaka daga son kai.

Amma na'ura ma tana kuskure. A 2025 JAMB ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai fiye da 379,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, sai da aka sake musu jarrabawa. Ko da ba ta yi kuskure ba, abin da ta ƙware a kai shi ne tacewa. Ba za ta saurari yaro yana ba da tatsuniya ba, ba kuma za ta komo aji ranar Litinin ta warware masa abin da ya shige masa duhu ba. Dore (1976) ya yi gargaɗin cewa idan takardar shaida ta zama ita ce burin karatu, ilmin kansa yakan zama ɗan rakiya. Soke gwajin aji zai ƙara wa wannan ciwo ƙarfi ne, a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

4.7 Shawarwari

Bisa la'akari da abin da ya gabata, ana ba da shawarwari kamar haka:

(a) A raba kayan biyu. Yawancin gwajin aji ya kasance ba shi da maki, sai bayanin gyara da damar sake aiki. A keɓe ayyuka kaɗan sanannu waɗanda makinsu zai shiga sakamako.

(b) Makin da makaranta za ta aika ya kasance na abin da takardar hukuma ba ta iya aunawa. A darasin Hausa wannan ya haɗa da karatu a bayyane, da jawabi, da muhawara, da tattaro adabin baka daga unguwa.

(c) Malaman darasi ɗaya na makarantun shiyya su riƙa zama suna duba samfurin ayyukan ɗaliban juna, domin mudunsu ya zo ɗaya, kamar yadda ake yi wa masu duba takardun WAEC taron daidaitawa kafin su fara.

(d) A koya wa ɗalibai duba aikin junansu bisa ƙa'idojin da aka rubuta a allo, domin a rage wa malami nauyi.

(e) Kwalejojin ilmi su ba ɗalibansu horo a aikace kan tsara tambaya da rubuta bayanin gyara, a kuma tanadi hanyar da ɗalibi zai kai kuka idan bai gamsu da makinsa ba.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa awo iri biyu ne, na gyara da na hukunci, kuma gwajin a-kai-a-kai ya shigo Nijeriya ne ɗauke da duka biyun. An ga yadda yawan ɗalibai da bambancin ma'auni da matsin neman kiredit suka sa hukunci ya rinjayi gyara, har aka bar fannoni irin su magana ba mai auna su. An kuma ga cewa makarantar allo ta riga ta san ƙa'idar da tsarin ya rasa. Don haka ma'aunin da ya dace a riƙa ɗora kowane gwaji a kai shi ne tambaya ɗaya: bayan an duba takardar, mene ne ɗalibi ko malaminsa ya yi daban? Idan amsar ita ce babu, to an tara maki ne kawai, icen kuwa yana ta bushewa ba a tanƙwara shi ba.